Daga Zaure: Ranar da Gwaggo Ta Gamu da Abokan Sana'a a Alƙahira

A wannan wata zan ɗan ajiye zancen takardun zama da tsadar haya da muka daɗe muna jujjuyawa, in ɗauko muku zancen bargo. Kada wani ya yi dariya tukuna. Duk wanda ya taɓa kwana a Sabha cikin muku-mukun watan Janairu, a ɗakin da iska ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa, ya san bargo ba abin wasa ba ne.

Ina da Gwaggo, yayar mahaifina, haifaffiyar Damagaram. Aure ne ya kawo ta ƙasar nan a shekarun 1970, kuma tun daga lokacin tana zaune a unguwar Gurda. Ba ta taɓa taka keken ɗinki ba, amma ban san ranar da na shiga ɗakinta na tarar da hannunta ba allura ba. Abin da take yi shi ne, takan aiki yara shagunan teloli su kwaso mata ƙyallayen da aka share za a zubar, ragowar shadda da atamfa da yadin jallabiya. Sai ta wanke su, ta ware kowane launi gefe, ta yayyanka da almakashi, ta harhaɗa har su zama shimfiɗa guda. Daga nan ta ɗauko tsofaffin zannuwa biyu ko uku ta shimfiɗa a ƙasa, ta baza auduga a tsakani, ta ɗora haɗaɗɗen a sama, sannan ta bi da allura layi-layi, tsakanin layi da layi bai wuce faɗin yatsa ba. Bargo ɗaya kan cinye mata wata biyu, in ba azumi ko rashin lafiya.

Babu gidan danginmu da ba a kwana cikin aikin hannunta ba. Amma gaskiya ɗaya ce, ba mu ɗauki abin da daraja ba. Jikokinta suna ce masa bargon mabarata. Surukarta kuwa in za a yi baƙi sai ta naɗe su ta tura ƙarƙashin gado, ta fito da baɗɗaniyar kanti mai hoton damisa ta shimfiɗa. Ba zan ɗora wa wasu laifi in tsame kaina ba. Ni ma na taɓa yin haka ranar da abokan aikina Larabawa suka zo yi mini barka da haihuwa. Na ninke bargon da ta ɗinka wa jaririn na cusa bayan ƙofa, ashe tana kallona ta taga. Ba ta ce mini uffan ba, har yau.

To a watan Nuwamba na 2023 yanar ido ta matsa mata, har ta kai ba ta iya zura zare a allura. Aka yi shawara a dangi, aka harhaɗa abin da ya sawwaƙa, aka ce ni zan raka ta Masar a yi mata aiki. Muka bi ta Bangazi muka sauka Alƙahira. An yi aikin ido ɗaya lafiya, likita ya ce mu dawo bayan kwana goma ya duba. Zaman ɗaki ya gundure ta, domin Gwaggo ba mai son zama hannu sake ba ce. Rana ta shida sai ta ce lalle sai na kai ta ta yi salla a masallacin Sayyidina Husaini, ta kuma ga Azhar da take jin labari tun tana yarinya. Bayan mun fito, sai muka miƙe kudu da ƙafa cikin tsohon birni, tana dafe da kafaɗata, ta yafa wani ƙaramin bargonta wanda ba ta rabuwa da shi ko ina za ta.

Hanyar ta kai mu wata tsohuwar ƙofar gari mai hasumiya biyu, ana ce mata Bab Zuwaila. An gina ta a 1092, zamanin Faɗimawa. Da na karanta mata sunan sai ta ce, “Zuwila tamu ta nan gabas da Murzuk?” Na yi dariya, na ce ina ruwan biri da gada. Sai daga baya na bincika na ga ita ce da gaskiya, domin masu tarihi da dama na cewa sunan ya samo asali ne daga sojojin Zuwaila, mutanen da ake danganta su da garin nan na Fazzan, waɗanda aka sauke kusa da ƙofar lokacin da aka kafa birnin. Kun ga ke nan tun kafin mu tsallaka titi, ƙasar Fazzan ta riga mu isa.

Ana fita ƙofar sai ga wata kasuwa mai rufin katako, doguwa, matsattsiya, shaguna ƙanana suna fuskantar juna. Wannan ita ce Khayamiyya, wato layin masu ɗinkin tanti. Wani babban basarake mai suna Ridwan Bey, wanda ya daɗe yana jagorantar ayarin alhazan Masar, shi ya gina ta wajen shekara ta 1650. Ko ina ka duba yadudduka ne rataye, ja da shuɗi da kore, da zanen taurari da furanni da rubutun Larabci. Ni a zatona bugun inji ne. Gwaggo da idonta ɗaya ta riga ni gane cewa ƙyalle ne aka ɗora kan ƙyalle aka ɗinke da hannu.

Nan ta ja ta tsaya a ƙofar wani dattijo da ke zaune harɗe kan benci, ya sunkuya kan aikinsa. Na ce, “Gwaggo mu tafi, likita ya hana ki tsayuwa cikin ƙura.” Ko kallona ba ta yi ba. Can sai ta ce, “Ɗan nan, dubi yadda yake tura bakin ƙyallen ciki da tsinin allura, ba ya kalmashe shi da yatsa.” Ni dai ban ga komai ba sai hannu yana gudu.

Dattijon ya ɗago kai, ya ce, “Bismilla ya Hajja,” ya matsar da kaya ya ba ta wurin zama. Idonsa na sauka kan abin da ta yafa sai ya ajiye allura ya nemi izinin gani. Abin da ya yi shi ne ya ba ni mamaki. Bai tsaya kan fuskar bargon ba, juya shi ya yi ya duba bayansa, yana bin layukan ɗinkin da babban yatsa, ya ɗaga shi sama ya auna nauyinsa, sannan ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani. Gwaggo ta juyo ta ce mini da Hausa, “Wannan ya san aiki. Wanda bai sani ba fuska yake dubawa.” Na ji maganar har cikin raina, don na san da wa take.

Awa biyu muka yi a shagon nan. Larabcinta na Fazzan ne, nasa na Masar, kuma sau da yawa sai na shiga tsakani, amma inda aka zo kan aiki ba su nemi tafinta ba. Ya nuna mata yadda suke fitar da zane. Sukan ninke takarda gida huɗu ko takwas, su zana ɓangare ɗaya, su bi layin da allura suna hudawa, sannan su buɗe takardar su shimfiɗa kan yadi mai kauri, su barbaɗa garin gawayi ko alli. Garin ya bi ta hudojin ya sauka, sai ga zanen ya fito cif, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Gwaggo ta tafa hannu, domin ita shekara da shekaru da ido take aunawa, shi ya sa taurarinta kan karkace. Ita kuma ta nuna masa abin da su ba sa yi, tunda nasu na ado ne da rataya, ba na kwanciya ba. Ta ce in kana so auduga kada ta dunƙule a kusurwa bayan wanki, to daga tsakiya ake fara ɗinki a yi waje, kuma kada layi ya yi nisa da layi. Ya ba ta allurarsa ta gwada. Hannunta na rawa, ni na zura mata zare, amma ta yi masa taƙi guda a kan wani ƙyalle, ya karɓa ya duba ya gyaɗa kai, ya ce mata “usɗa”, wato gwanar sana'a. Ban taɓa ganin ta yi irin wannan murmushi ba.

Ya tambaye ta wa ya koya mata, domin a layinsu maza ne ke zaune kan benci, yaro ya gada wurin ubansa ko maigidansa. Ta ce ita ma a gidansu aikin maza ne, satar gani ta yi. Kakanta mai ɗinkin lifidi ne a Damagaram. Dattijon bai san lifidi ba, sai da na yi masa bayani, kuma ina jin a cikin yaranmu da aka haifa a nan ma akwai da yawa da ba su sani ba.

Lifidi riga ce ta yaƙi da ake ɗinka wa doki da mahayinsa. Yadi biyu ake haɗawa, a cusa audugar rimi a tsakani, a bi da ɗinki a matse, yadda kibiya in ta zo za ta maƙale ba ta kai ga fata ba. Sau da yawa akan yi shi da yanki-yankin ja da fari da baƙi ko rawaya, a jera su kamar ƙyallayen Gwaggo. Tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Turawan nan uku, Denham da Clapperton da Oudney, da suka ratsa Fazzan a 1822 suka isa Borno a 1823, sun tarar da dawaki sanye da irinsa a ƙasashen tafkin Chadi. Bindiga ta kashe amfaninsa a fagen fama, amma wanda ya taɓa kallon hawan salla a Kano ko Katsina ko Zariya ya ga 'yan lifidi suna tafe kusa da sarki. Ashe bargon da muke ɓoyewa ƙarƙashin gado jikan rigar barade ne.

Kuma ba yau allurar ƙasar Hausa ta fara gaisawa da ta arewa ba, ta kan hanyar nan da muke zaune a kai. Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka Murzuk a 1850, ya wuce Gat, ya isa Kano a watan Fabrairu na 1851. Ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kaiwa Murzuk da Gat har Tarabulus. Baƙin rawanin nan mai sheƙi da Buzaye ke ji da shi, a garin Kura kusa da Kano aka shahara da rina shi da buga shi. A ɗaya ɓangaren kuma, alharini, jan silikin da ake ƙawata manyan riguna da shi, daga Tarabulus raƙuma ke ɗauko shi, fataken Gadamas su sauke shi a Kano, inda suke da gidajensu a cikin birni. Malamin da ke zana aska takwas a ƙirjin riga a Zariya, zarensa ya sha ƙurar Sahara kafin ya iso hannunsa. A 1911 jirgin ƙasa ya isa Kano, a shekarar nan kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus, daga nan ayarin raƙuma ya yi ta ja da baya. Mutanen dai ba su daina bin hanyar ba, ga mu nan shaida.

Mu koma shagon dattijo. Da aka kawo shayi sai hira ta juya kan kasuwa, nan na ji cewa kukan gida ɗaya ne. Ya nuna mana wani yadi a shagon da ke kallonsa, mai zane irin nasu sak, amma bugun inji. Ya ce da can duk wani tantin biki ko na zaman makoki ko na buɗa-baki a Alƙahira, hannu ne ya ɗinka shi. Da bugun inji ya fito da araha sai masu haya suka koma can, su kuma suka koma yin ƙananan abubuwa na rataya da rigunan matashin kai don baƙi masu yawon buɗe ido. Da aka yi juyin 2011 baƙin ma suka ɗauke ƙafa na tsawon lokaci. Ya ce 'ya'yansa maza biyu, ba wanda ya yarda ya zauna kan bencin. Gwaggo ta ce, “Ni jikoki tara, ba wadda ta san ramin allura.” Suka yi dariya tare, irin wadda ta fi kuka ciwo.

Abin da ya ɗan tallafe su, a yadda ya ba mu labari kuma na tabbatar daga baya, shi ma tafiya ce ta kawo shi. Wata mata 'yar Ostireliya mai suna Jenny Bowker, wadda ita ma ɗinkin bargon ƙyalle ne sana'arta, ta zauna a Alƙahira lokacin da mijinta ke jakadan ƙasarsu a Masar. Ta shiga layin nan kamar yadda Gwaggo ta shiga, ta ga hannun da ta gane. A 2007 ta kai aikinsu wani babban taron masu ɗinkin bargo a birnin Melbon, daga nan aka riƙa gayyatarsu Ingila da Amurka, su zauna a gaban jama'a suna ɗinki ana kallo ana saye. A 2015 har fim aka fitar a kansu. Abin lura a nan, ba wata hukuma ce ta fara hango darajarsu ba, mai allura ce irinsu.

Da za mu tafi ya cika mata leda da ragowar ƙyallayensa, ya haɗa mata da takarda ɗaya hudajjiya mai zanen tauraro. Ita kuma ta kwance bakin zane ta ba shi goro biyu. Ya gutsura don kara, fuskarsa ta yamutse, maƙwabtansa suka yi ta ƙyaƙyatawa. Ya so ya sayi bargon nata, ta ce ba na sayarwa ba ne. A mota na ce mata ai da ta karɓi kuɗin, ko na magani ya rage mana. Ta ce, “In na sayar, da me zan tuna an ce mini usɗa?”

Yanzu ga inda nake so mu yi magana ta gaskiya. Ba zan ce wa kowa ya bar aikin gini ko gona ko gadi ya kama ɗinkin bargo ba. Sabha ba Alƙahira ba ce, baƙi masu yawon buɗe ido ba sa cika mana kasuwa, kuma babu wata matar jakada da za ta biyo ta Gurda ta gano mu. Baɗɗaniyar Sin da ake jibgewa a kasuwa ta fi araha nesa ba kusa ba, kuma magidancin da ke da yara bakwai ba za a ga laifinsa ba in ya saye ta. Wanda ya lissafa wata biyu na zaman Gwaggo da kuɗi, ba mai iya biya a cikinmu. Wannan duk na yarda.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne kunyar. Mu a ƙasar nan an fi saninmu da ƙarfi: ɗaukar bulo, haƙar rami, kiwon dabbobin wani. Ba abin kunya ba ne, da shi muke ci da iyali, da shi ake aika wa na gida. Amma har mun fara yarda da kanmu cewa iyakarmu ke nan. Ku duba samarin da ke zama bakin titi da sassafe suna jiran motar da za ta ɗauki leburori. Sau nawa za ka ga ɗaya ya zaro hula daga aljihu yana ɗinki kafin aiki ya samu? Wannan yaro yana riƙe da ilimin da in a wata ƙasa ne, a bayan gilashi za a ajiye aikinsa. Mu kuwa sai mu taya hular da wulaƙanci, mu ce ai zaman banza ne ya sa shi. Akwai dukawa a cikinmu, akwai masu aikin wuyan riga, akwai tsofaffin mata masu saƙa faifai da tabarma, kowa ya ɓoye sana'arsa kamar abin sata. Maƙwabtanmu Buzaye ba sa haka. A bikin Gat, wanda aka saba yi a ƙarshen Disamba, matansu kan baje jakunkunan fata da shimfiɗu a fili, suna alfahari. Masu iya magana sun ce zanen aro ba ya rufe katara, mu kuwa namu ne muke naɗewa mu yafa na aro.

Kuma lokaci ba ya jira. Idon Gwaggo na biyu har yanzu ba a yi masa aiki ba, kuma likita ya gaya mini a gefe cewa ko an yi, kada mu sa rai da yawa. Yadda ake matse auduga, da yadda kakanta ke jera launi a lifidi, ba a rubuce suke ko ina ba, a yatsunta suke. Irinta nawa suka rage a Sabha da Murzuk da Ubari? Na lissafa waɗanda na sani da kaina, ban cika yatsun hannu ɗaya ba.

Tun da muka dawo ta fara wani sabon bargo, da tauraron Alƙahira a tsakiya, ta fitar da shi da garin gawayi kamar yadda aka nuna mata, gefe-gefe kuma ta jera ja da fari da baƙi irin na lifidi. Aikin na tafiya a hankali ƙwarai, don rana kaɗai take iya gani, kuma sai an zura mata zare. 'Yata ta biyu, mai shekara goma sha ɗaya, ita ke zuwa bayan makaranta ta zura mata. Da farko da tsawa nake tura ta. Kwanan baya na leƙa na tarar an ba ta kusurwa guda tana bi, layinta a karkace kamar hanyar tururuwa, Gwaggo na warwarewa tana sa ta sake. Bargon jaririn nan kuwa na ciro shi daga inda yake, yana kan kujerar zaurena, wanda ya zo zai gani.

Ina da roƙo ga telolinmu na Gurda da Mahdiyya da Manshiyya: ƙyallayen da kuke sharewa da yamma, don Allah ku riƙa tarawa a buhu, kada a haɗa da shara. Na auduga aka fi so, na roba santsi gare shi, ba ya riƙe ɗinki. Wanda ya tara ya bar saƙo a ofishin wannan mujalla, zan zo da kaina in ɗauka. Haka kuma duk wadda ke da tsohuwa a gida mai irin wannan aiki, ko wanda mahaifinsa ya taɓa ɗinkin lifidi ko kayan doki a gida, ya rubuto mana da Hausa ko da Larabci. Gwaggo ta ce ranar Alhamis bayan la'asar ƙofarta a buɗe take ga 'yan mata, amma kowa ta zo da allurarta, don nata uku ne kacal suka rage.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.